Inda Ruwa Ya Kai Dela

A unguwar Hindawiyya ta Jidda kowa ya san Haladu ɗan dako ba ya shiri da teku. Daga Sawakin, a gaɓar Sudan, ya ƙetaro a jirgin katako na alhazai, shi da matarsa Dela da jaririyarsu Mastura. A tsakiyar ruwa zazzaɓi ya ɗauke Dela. Aka yi mata sutura da zanenta, aka sallace ta, aka sauke ta cikin teku. Tun ranar ko kifi bai ƙara sa wa a baki ba.

Shi ya sa unguwa ta ɗauka da aka ji, bayan shekaru masu yawa, ya kama aiki a jirgin wasu Turawa masu awon ƙarƙashin teku.

Abdulghaffar mai shayi ya ce, "Kai da ko ƙafa ba ka wankewa a bakin ruwa? Ko Bature ya yi maka asiri ne?"

Haladu ya ce, "Mastura ce. An sa ranarta, ta ce kafin a kai ta ɗaki sai ta gai da kabarin uwarta. Me zan nuna mata?"

Aikinsa murza ƙarfen da ke zura waya cikin ruwa, da na'urorin auna nauyin ruwa da tafiyarsa rataye a jikinta. Kullum Turawan suna ƙara kibiyoyi a taswira, shi kuwa yana leƙe, yana jiran su gama.

Ran komowa Jidda ya tari tafinta, wani Bamisire. "Ustaz, tambayar mini Baturen nan mai taswira. Abin da ya nutse tsakanin Sawakin da nan, ina yake kwanciya?"

Baturen ya daɗe yana jan yatsa a kan taswira. Tafinta ya ce, "Wai ruwan sama arewa yake yi, na ƙasa kuwa kudu yake ja a hankali, har ya fice ta mashigar Yaman. Wani abu ya zauna, wani ya tafi. Ba mai iya ce maka ga wurin."

"Ko kusa da wurin?"

"Ko kusa, ya ammi," in ji tafinta, yana ce masa baffa da Larabci.

Da Juma'a ta zo ya kai Mastura bakin teku.

Ta ce, "Yalla, Baba, ina zan fuskanta?"

Ya ɗaga hannu yamma, ya karkata shi kudu, sai ya sauke. "Yi mata sallama kawai, 'yar nan. Ki ɗan ɗaga murya."

Ta fara da Larabci, harshen da ta tashi da shi. Ya taɓa kafaɗarta.

"Da Hausa. Uwarki ba ta iso inda za ta koyi Larabci ba."

Mastura ta shiga laluben kalmomi. Can ta ce, "Inna, ni ce. Na girma."