Tela a Layin Likitan Ido

A ƙofar ɗakin likitan ido, wani tela mai yawo na zaune a ƙarshen benci, keken ɗinkinsa a kan cinya. Keken hannu ne irin na da, baƙi mai zanen ruwan zinariya, an goge shi tas. Harshensa ya nuna daga nesa ya zo neman abinci.

'Yan garinsu ma'aikatan masana'anta suna shiga da katin kamfani. Ko sun yini a nan, albashinsu na tafiya. Shi kuwa kansa yake yi wa aiki, duk awar da ya zauna abincin yaransa ne ke raguwa. Farar yana ta rufe idonsa na hagu, na daman ma ya soma hazo.

Wata tsohuwa ta miƙo masa yagaggen mayafi. Ya lumshe ido, ya laluba da ɗan yatsa, ya zura zare a allura.

"Ɗana, ko dubawa ba ka yi?"

"Inna, tun bara nake koya wa hannun nan, ko da idon zai ƙi."

Ana kiran lambarsa, yana roƙon minti ɗaya ya ƙarasa ɗinkin.