Mai Neman Yatsu Goma

Tun ƙarfe tara yake tsaye gaban akwatin sifirin, wayar ƙarfen nan mai nannaɗe, a shagonmu na kayan ƙarfe, nan garin Tahlequah. Ba ɗan gari ba ne. Dogo ne, rana ta ƙona masa ƙeya, hannun hagunsa kuwa bai bar aljihu ba. Yana ɗaukar ƙaramin sifirin, ya ja da haƙori, ya kasa kunne, ya mayar. A kwandonsa akwai guntun alminiyom da siraran rodi. Makon jiya ɗan sanda ya bar mana lambar waya saboda masu ƙera kunamar bindiga a gareji da irin waɗannan kayan.

Ga ƙafafunsa sun ƙi zama wuri ɗaya. Ya taka nan, ya karkata gwiwa can.

"Bawan Allah, me ake ƙerawa ne?" na tambaye shi.

"Yatsu, baiwar Allah. Guda goma."

Idona ya koma kan waya.

"Na jita ne, irin wadda ake kwantarwa kamar tebur," in ji shi. "Tsirkiyarta goma. Kowace tsirkiya da yatsanta na ƙarfe. Ki taka feda, yatsan ya ja ta, murya ta hau." Ya rera a maƙoshi, ya taka ƙasa, sautin ya lanƙwasa sama kamar kuka.

Sai da zai ɗauki kwando ya zaro hannun. Yatsu biyu suka rage masa, daidai riƙe guntun ƙarfen da ake gogawa kan tsirkiya.

Takardar da na rubuta lambar motarsa a kai tun shigowarsa tana aljihuna har yanzu. Ban kira kowa ba, ban kuma yaga ta ba.