Baba Altine Ne Ya Tayar da Injin Nan, Ba Ni Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina buɗe shago da safen nan aka kira ni daga Kebbe, wai Baba Altine Kafinta ya rasu bayan sallar asuba.

Tun ɗazu nake zaune, na kasa taɓa komai.

Da yawanku kun ga bidiyon da na saka bara, na injin tsaga katakon da ke shagona nan Tambuwal. Na rubuta a ƙarƙashinsa cewa da hannuna na gyara shi. Kuka yi ta yabona, ni kuma ina ta godiya.

Ƙarya na yi. Baba Altine ne.

Gwanjo na sayi injin. Tun zamanin Jihar Arewa aka kawo shi wani gidan aikin En'e, daga baya aka jefa shi sito ya shekara da shekaru. Teburinsa ya yi ja da tsatsa, bel ya ruɓe, zanzaro ya gina ɗaki har cikin motar injin. Makanikai biyu suka duba suka ce in kai wa 'yan gwangwan.

Wani ya ce in nemi wani tsoho a Kebbe, wanda ya fara koyon aiki a kan irinsa shekarar da aka samu 'yancin kai. Na aika masa. Ya hawo bayan mashin tun daga Kebbe, da jakarsa ta kayan aiki.

Kwana huɗu ya yi. Ya jiƙa notuna da kananzir, ya hana ni buga guduma ko sau ɗaya. Muka goge teburin da samfefa har ya yi sumul. Ya sauya boris, ya cika giris, ya zauna da magagari yana wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙera wa zarton murfi da fallen kwano, ya sa na yi alkawarin ba zan cire ba komai saurin da nake yi. Fura kawai yake sha da rana, kuma sai ya rage mini.

'Yarsa ce ta nuna masa bidiyon. Sai ya kira ni a waya. Bai ce komai game da rubutun ba. Cewa ya yi, "Bello, na ji kukan injin. Ka ɗaure bel da yawa, sassauta mishi kaɗan."

Na sassauta bel. Rubutun kuwa na bar shi yadda yake.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar kasuwa ce kafin azumi. Ya biyo shago ya tarar da mutane cike. Ya daɗe tsaye yana kallon injin, sannan ya ce a hankali, "Bar ni in tsaga ko guda." Na dubi hannunsa yana rawa, na ce man janareta ya kusa ƙarewa, ku bari sai wani zuwan, Baba. Tanki cike yake. Ba hannunsa kaɗai na ji wa tsoro ba. Na ji tsoron ya fara ba mutane labarin gyaran.

Ya yi murmushi, ya shafa teburin, ya ce Allah shi yi albarka. Ko rakiya ban yi masa ba.

Yanzu zan kama hanyar Kebbe. Ban san da wane ido zan dubi 'yarsa ba, don ita ta karanta masa abin da na rubuta.

Allah ka gafarta wa Baba Altine, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri. Ni kuma ka yafe mini haƙƙinsa.

Duk wanda ya taɓa yabona a kan injin nan, don Allah ya mayar da yabon ya zama addu'a ga mai shi.