Tsatsar Jakin Jita da Yatsana na Hagu

To ai tsatsar nan kaɗan ya rage ta sa a kashe ni, kuma ba wasa nake ba! Ku tsaya ku ji. Jitar tawa ta lantarki ce, wani mai haƙar zinari da ya zauna Anka ya bar mini ita da zai koma ƙasarsu, don ya ga kullum ina manne da ita. Ba wanda ya koya mini, wayar hannu ce malamata. Akwai wani ƙarfe a cikin jita inda wayoyi ke hawa, abin da masu molo ke cewa jaki. Nawa na ƙarfe ne, da ƙananan kusoshi da sifirin a jiki. Nan nake ɗora gefen hannu in ina kiɗi, gumi na zuba, ni kuwa ban san ana gogewa ba. Damina na shigowa sai ya yi ja wur, waya ta fara tsinkewa daidai wurin.

Sai na kwance shi kaf. Na jiƙa tsamiya mai kauri na tsoma ƙarafan ciki sunka yini, na bi su da tsohon buroshin haƙori, na ɗauraye, na shanya a rana. Wallahi sai ga ƙarfe yana haske! Kusa ɗaya ce ta ƙi motsi, tsatsa ta cinye ta. Na zuba komai a tsumma da kananzir, na ɗaure, na hau kabu-kabu zuwa Gummi wurin wani bakanike. Ya ɗiga mata mai, ya ɗan bubbuga, ta saki.

A hanyar dawowa, a ƙauyen da ke kafin namu, 'yan sintiri sun gitta icce a hanya. 'Yan bindiga sun shiga musu cikin makon, mutanen ƙauyen sun binne nasu, ido duk ya yi ja. Sunka ce mu sauka. Wani ya lalube aljihuna ya ciro ƙullin, ya kwance. Ƙananan ƙarafa, sifirin, warin kananzir da mai. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce wa sauran ga mai gyara wa mutanen daji bindiga.

Ban rufe baki da cewa na jita ne ba, na ji gora a ƙeya. Na faɗi, anka bi ni da ƙafa. Wani ya take mini wuya, ƙasa ta cika mini baki. Sunka ɗaure ni ta baya jikin icce, igiya na cin fata. Tambaya guda suke maimaitawa, wa ya aiko ni, nawa ne bindigogin. Duk sanda na ce jita, sai mari. Ɗaya ya ce shi bai taɓa ganin abin kiɗi da sifirin ba, molo icce ne da fata, kada in raina musu hankali. Sannan sunka kwance hannuna na hagu sunka ɗora bisa dutse, wani ya sauke mini gindin adda. Na ji ƙas a ƙaramin yatsa. Hannun da nake danna wayoyi da shi ke nan. Ban ma ji zafi nan take ba.

Babbansu, wani dattijo mai bindigar toka, yana zaune gefe yana kallo. Na ji wasu na cewa a kai ni bayan gari a gama. Ashe ɗan kabu-kabun da ya ɗauko ni ya sulale ya yi gidanmu.

Sai ga Inna bisa mashin, ta rungumo jitar a zane kamar jinjiri. Ta sauka ba ta ko dube ni ba, ta aje ta gaban dattijon.

“Malam, wanga ɗana na. Ga abin da ya hana shi noma. Ku ba shi ƙarahunan shi maida, in ba su shiga ba ni da kaina nika miƙa muku shi.”

Dattijon ya ce a kwance ni. “Maida mu gani, yaro.”

Na durƙusa cikin ƙura, ido ɗaya a rufe, jini na ɗiga daga hanci. Da hannun dama nake juya kusa, na hagu ya kumbura suntum. Sifirin ɗaya ya kuɓuce ya faɗa yashi, na ji wani ya gyara riƙon gorarsa a bayana. Inna ta duƙa ta rairaye ƙasar da yatsu ta miƙo mini. Ɗaya bayan ɗaya kowane ƙarfe ya zauna raminsa. Na zura waya guda na ja ta, na taɓa. Ba sifika, ƙarar 'yar siririya ce, amma kowa ya ji ta.

Dattijon ya ce mu tafi. Wanda ya sauke mini addar ya kau da kai. Ba wanda ya ba da haƙuri, mu ma ba mu tsaya jira ba.

Mai ɗori ya yi ƙoƙarinsa, amma yatsan ya warke a karkace, da uku nake dannawa yanzu, kuma suna isata yawancin kiɗi. Tun sannan ba na barin tsatsa ta kai ga kwancewa. Ina gama kiɗi in goge jakin da busasshen tsumma, in ɗiga wa kusoshin man keken ɗinki ɗan kaɗan, kuma ba na jingine jitar a bango mai laima. Kada ku kankare da wuƙa ko yashi, farin saman kuke cirewa, tsatsa ta dawo da ƙarfinta.

Ku da ke da jita a garuruwan nan namu, da me kuke cire taku tsatsar? Akwai wanda ya gwada lemun tsami? Kuma in dole ta sa za ku bi hanya da ƙarafan, yaya kuke ɗaukarsu? Ku faɗa mini, don ni har yau ban sake fita da su ba.