Ƙudurin Tsohon Bayahude na Fagge

Duk lokacin da aka warware sabon turmin atamfa a gabana, ƙanshin sitacinsa yakan mayar da ni Fagge, cikin kantin wani tsohon Bayahude ɗan asalin birnin Halab. Nasa ne kaɗai kantin da ke rufe ranar Asabar a layin. Mahaifina tela ne a Sabon Gari, dattijo ne kuma a coci. A wurin tsohon yake ɗaukar yadi, shi ne kuma yake ɗinka masa kayan sawa. Ni ce 'yar fari, nakan raka shi bayan an tashi daga makarantar mishan.

Tsohon ba ya tauye awo, amma harshensa ya fi almakashi kaifi. Sabuwar shekararsu takan zo ne ƙarshen damina, sa'ad da gero ya nuna, ɗanyar gyaɗa ta fara shigowa kasuwa. Yakan aika a sayo masa dabino, da wake, da kabewa, da kan rago, domin abincin bikin. Ya taɓa bayyana mini cewa a addininsu, idan shekara ta kama, mutum yakan zaɓi hali guda, ko da ƙarami ne, ya ƙudurta gyara shi domin kusantar Ubangiji. Nasa ƙudurin bai taɓa sauyawa ba: zai kame bakinsa.

"Bana kam, 'yata, bebe za ki gani," yakan ce.

Kafin a gama kakar gyaɗa, sai ka jiyo shi tun daga bakin titi yana zazzaga wa 'yan dako masifa.

Wata bazara mahaifina ya kai masa kwat. Hannu ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya tsawo. Na gani da idona, kuma ba zan kira karkataccen aiki daidai ba don na ubana ne. Amma tsohon ya ce mahauci ya fi shi iya yanka, ya wurga masa rigar a fuska, har hularsa ta faɗi a gaban dillalai. Mahaifina ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe ta, muka tafi. Bai sake bin layin nan ba.

Da sabuwar shekararsu ta zo, sai ga tsohon a ƙofar shagonmu. Da ƙafa ya zo, takalminsa duk taɓo. Ka sani, mai karatu, tsakanin sabuwar shekara da babban azuminsu akwai 'yan kwanakin tuba, kuma sun yi imani cewa Ubangiji ba ya shafe abin da ke tsakanin mutum da mutum sai wanda aka ci wa mutunci ya yafe da bakinsa. Har sau uku ake zuwa nema.

"Malam, gafara na zo nema. Na ci mutuncinka, na kayar maka da hula."

Mahaifina bai daina taka keke ba. "Haba Maigida, ai ba a yi komai ba."

"An yi. Ka ce ka yafe."

"Abin da ba a yi ba, me za a yafe? A gaida gida."

A nan al'adu biyu suka saɓa. A wurinmu, idan babba ya yi laifi, dattijo yake aikowa a ɓoye, ko ya turo aiki, a koma gaisawa, magana ta mutu ba a ambace ta ba. Shi kuwa shari'arsa ta ce ya faɗi laifin ƙarara, in an ƙi, ya komo da shaidu. Haka ya yi. Ya zo da mutane, cikinsu har da dillalin da ya fi kowa dariya ranar, ya sake labarta komai, maƙwabta suna leƙe ta taga.

Bayan sun tafi mahaifiyata ta ce, "Malam, tsoho ne fa, dubi tafiyar da ya yi."

"Ya cire mini hula a Fagge, yau ya zo ya cire mini a Sabon Gari."

Zuwa na ƙarshe jajibirin azumin ne, yana sanye da fararen kaya. Mahaifina ya shige cikin gida, ya ƙi fitowa. Tsohon ya tsaya a rana har inuwar bango ta cim masa. Can sai ya ɗaga murya: "Zuciyarka dutse ce, kai da karkataccen ɗinkinka!"

Nan take ya dafe bakinsa da hannu. Ya dube ni, na dube shi. Ya juya ya tafi, hannun yana nan a bakinsa.

Kafin shekara ta zagayo ya sayar da kantin, ya bar ƙasar. Mahaifina ya rayu har ya tsufa, yana jagorantar addu'ar neman gafara kowace Lahadi, bai taɓa ambaton tsohon ba.

Na yi rayuwata ina koyarwa, na hori yara da yawa, kuma ban ga halin da ya miƙe don kawai mai shi ya ƙudurta ba. Yanzu kuwa, idan shekara ta kama, jikokina sukan tura saƙo guda ta waya ga kowa da kowa, wai duk wanda suka ɓata wa ya yafe musu. Ba sa ambatar laifi, ba sa zuwa ƙofar kowa, ba sa jiran amsa. Tsohon nan ya yi dukkan waɗannan bai samu gafarar ba. Ban san abin da su suke tsammani ba.