Saƙon Inna Zuwa Tsibiri

Shekara goma sha bakwai yayana ya yi bai taka Damergu ba. Ya bar Olelewa shekarar da gero ya bushe tun bai fid da kai ba, ya ce zai je Dakar ya yi rani ɗaya ya dawo. Daga can sai muka ji ya hau jirgin ruwa zuwa tsibiran Cap-Vert, ya samu aiki a tashar jiragen ruwa, ya yi aure, ya haifi ƴaƴa mata biyu. Ni kuwa ina Tanut ina koyar da tarihi a kolej.

Wani babban hutu sai ya aiko mini da tikitin jirgin sama. Ya ce in zo in huta, in ga teku, in ga tsohon garin da nake karanta wa ɗalibai labarinsa a littafi.

Kafin in tashi na je Olelewa sallama. Lokacin yanar ido ta rufe idanun Inna, ƙafafunta sun kumbura, ba ta wuce bakin ƙofar ɗakinta. Ta sa an sayo cuku wajen makiyayan Tenhiya, ta ƙulle shi a tsumma da garin kuka da yaji. Da na durƙusa ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Ka ce masa ba na son atamfa, ba na son komai. Ya zo in shafa fuskarsa. Ka ce ni na ce."

Na ce to, Inna.

Motar fasinja ta kai ni Damagaram, wata ta kai ni Yamai, daga nan jirgi. A filin jirgin tsibirin wani mutum mai furfura da gajeren wando ya rungume ni yana cewa, "Auta! Auta, kai ne ka zama haka?" Sai da na ji muryar na gane shi. Hausarsa tana nan, amma takan tsaya masa a tsakiyar magana, ya kaɗa yatsu yana neman kalma, in miƙa masa.

Garin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Gidaje a jere kan tudu, wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa, hanyoyi an shimfiɗa su da baƙaƙen duwatsu har bakin ruwa. Mata suna tafe da manyan kifaye a kwano bisa kai. Mutanen wasu baƙaƙe, wasu jajaye, suna wani yare da ake kira Kiriyol. Matar yayana mace ce mai fara'a, ta dafa mini abincinsu na masara da wake, ta tabbatar mini da hannu cewa babu naman alade a ciki. Ƴaƴansa suka ce mini "sannu", suka yi dariya, iyakar Hausarsu ke nan.

Ranar farko na kwance ƙullin Inna. Yaran suka sunsuna cukun suka ture. Yaya ya ɓantari kaɗan ya sa a baki, ya tauna, sai ya tashi ya fita baranda ya juya mana baya. Na bi shi na ce, "Yaya, Inna ta ba ni saƙo."

"Gobe, Auta. Yau ka huta."

Washegari ya kai ni bakin teku. Na naɗe wando na shiga har idon sawu, ruwan ya zo ya koma yana janye yashi a ƙarƙashin ƙafata, jiri ya ɗebe ni. Turawa suna kwance a rana kamar an shanya su. Kashegari kasuwar kifi. Ranar da ta biyo wani dandali inda tsofaffi ke kaɗa ƴar ƙaramar jita, wata mata tana waƙa a hankali, mutane na share ido. Na tambaye shi me take cewa, ya ce waƙar waɗanda suka tafi ce. Duk lokacin da na buɗe baki in ambaci Inna, sai ya nuna mini wani gini ko wani jirgi.

Amma yakan yi tambaya idan muna tafiya. Ina maƙerin nan na bakin kasuwa? Ya rasu. Ina abokinsa da suke noman gyaɗa tare? Ya tafi Libiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gwaggo fa? Shekara shida da rasuwa, ai na gaya maka a waya. Rijiyar gabas? Ta rufta. Daga baya ya daina tambaya.

Ana jibi zan koma muka je tsohon garin. Akwai ganuwa a kan dutse da bindigogin igwa masu tsatsa suna kallon ruwa. A ƙasa, tsakiyar fili, ga wani ginshiƙin dutse. Mai yi wa baƙi bayani ya ce da Faransanci nan ake ɗaure bayin da aka kwaso daga ƙasashenmu, kuma yaren tsibirin daga bakinsu ya fito, da suka rasa wanda za su yi nasu da shi. Wannan darasi ina yin sa kowace shekara, ina ba da maki a kansa. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto. Ni na ja hannun yayana muka zauna a kan katanga.

"Yaya, ba zan koma da maganar nan a bakina ba. Inna ba ta gani. Ba ta tafiya. Ta ce ka zo ta shafa fuskarka."

Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Takarduna ba su cika ba," ya ce. "Shekaru ina bin ofis, kullum a ce in dawo. In na fita yau, ba lallai su bar ni in shigo ba. Yaran nan fa?"

"To in takardun sun fito?"

"Auta, kada ka matsa mini." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kowa na tambaya ka ce ya mutu. In je in tarar da wa? In tsaya gaban Inna da wane baki? Rani ɗaya na ce mata."

"Ita dai tana nan. Ita ce ba ta mutu ba."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Mun zauna har mai motar da ta kawo mu ya yi ta danna oda.

Ya cika mini jaka da kaya: mayafi, sabulu, hoton yaran a cikin gilashi. Na kai su Olelewa ana tsakiyar damina, ruwa ya yi fashin kwana goma sha wani abu, gero ya fara lanƙwashewa. Inna ta shafa mayafin sau ɗaya ta ajiye gefe.

"Me ya ce?"

"Ya ce bayan girbi, in Allah ya yarda."

Ta ce, "Kai tun kana ƙarami ba ka iya ƙarya ba." Sai ta tambaye ni ko ya rame, ko matar tana kula da shi, ko a cikin yaran akwai mai kama da ita. Na ce ƙaramar. Ta ce a ba ta hoton. Ta riƙe shi a juye, kai a ƙasa, tana bin gilashin da yatsa, ban gyara mata ba.

Ta rasu da bazarar da ta biyo. Na kira shi bayan mun dawo daga maƙabarta. Ya yi salati, sannan na ji ya juya yana gaya wa matarsa da yarensu, kuka ya ci ƙarfinsa, layin ya yanke.

Bayan haka mukan gaisa da salla. Ya tambayi ruwa, in ce kaɗan aka samu. In tambayi yara, ya ce suna lafiya, babbar ta fara aiki a otal. Sai mu yi shiru muna jin numfashin juna har ɗaya ya ce to, sai an jima. Sallar bara ban kira ba, shi ma bai kira ba.