Fakon da Inna ta raya

Shekarar da yajin aiki ya rufe makarantu, na baro Tawa na koma ƙauyenmu, wajen Kalfu. Na tarar wata ƙungiya ta zo raya fakon da ke bayan gari, busasshiyar ƙasar da ko akuya ba ta tsayawa a kai. Mata ne ke aikin, don maza sun tafi cin rani. Su jera duwatsu don tare ruwan sama, su haƙa ramuka su zuba taki, a sallame su da alkama da mai.

Jami'in ƙungiyar mutumin kirki ne, kuma ya yarda da abin da yake faɗa, wai yaƙi ake da hamada. Mata na gyaɗa masa kai. Wata alkama ta kawo ta, wata hira, wata kuwa hutun bakin surukarta take nema. Inna daban ce. Gonar da muke nomawa aro ce, da Baba ya rasu aka karɓe.

Kullum gefe guda take zaɓa, inda ƙasa ta fi tauri. Ramukanta sun fi na kowa zurfi, har takin awakinmu can take kaiwa. Na ce, "Inna, aikin na kowa ne, don me kike kashe kanki?"

Ta ce, "Ɗiyata, ni ban san hamada ba. Wurin ga babu mai son shi. In ya rayu, wa za shi hana mani?"

A damina ta biyu ta shuka gero, ya tashi har ya fi ni tsayi. Sai wani dattijo ya tuna fakon na kakansa ne, maigari ya tabbatar. Aka ce ta girbe na bana, baɗi ta bar wurin. Ta je ga jami'in. Ya saurare ta da ladabi, ya ce ƙasa suka zo rayawa, ba rabon gonaki ba. Bai yi ƙarya ba, kuma abin da ke ƙona mini rai ke nan har yau.

Da baƙi suka zo ganin aiki, gefen Inna aka kai su, don ya fi kyau. Aka ce ta yi murmushi a ɗauki hoto, ta yi.

Da kaka ta sake zagayowa, Inna ta koma wurin da ƙwarya, tana kalan abin da masu gona suka bari.